Yadda Na Goge Furen Dutsen Matata

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da faransancin da aka ɗura mini a shekara ukun da na yi a lakkwal, wato makarantar boko (saura "wi" da "marsi", su ma sun fara tsufa), amma ranar kasuwar Buza da na zaro dutse daga aljihu ina taƙama ba za ta fita kaina ba sai an kai ni kushewa.

Abin ya faro ne shekarar da gwiwa ta hana ni noma. 'Ya'yana suka karɓe hauya suka ce in huta. Da hutun ya ishe ni, sai na riƙa zama wurin wani maƙeri Ba'abzine a bakin kasuwa, mai yin zobba da abin wuyan mata. Wata rana na ga ya ɗauki wata tsakuwa wadda ko akuya zan jefa ba zan zaɓe ta ba. Ya yi ta gurza ta a kan dutsen wasa wuƙa yana ɗiga ruwa, ya koma kan wani dutsen mai laushi, daga nan ya barbaɗa toka a fata ya murza. Ya miƙo mini. Jama'a, cikin tsakuwar nan ja wur kamar hantar rago, ga wani farin zare ya ratsa ta. Na juya ta a rana na yi kabbara. Shekara sittin da wani abu ina tuntuɓe da duwatsun ƙasarmu ta Adar, ina zaginsu a gona, ban taɓa sanin suna da ciki ba.

Na koma gida na kafa tawa masana'anta a gindin itacen bedi: tsohon magagari, duwatsun wasa wuƙa biyu, toka, guntun fatar akuya, da rairayin da na tankaɗe da rariyar matata (wannan ma wata shari'a ce daban). Dutse na farko ya fashe. Na biyu ya cinye mini fatar yatsa. Na biyar ya fito da sheƙi har na hango hancina a ciki, na zauna ina kallonsa har fura ta yi tsami. Daga nan kai ya kumbura. Duk abin da na gani da kaushi sai in ji kamar roƙona yake in gyara shi.

To, matata, wadda muke kira Uwar Sa'a da sunan 'yarmu ta fari, tana da wani dutse da take ajewa a ƙasan kwalla. Ta tsinto shi tun tana da ƙuruciya, zamanin da matan ƙasarmu ke hawa tudu suna jidar duwatsu a ka, ana jera su don kada ruwa ya cinye gonaki. Girmansa kamar dunƙulen fura da aka ɗan danna, fari-fari, a bayansa akwai zanen fure mai kunne biyar da aka yi da ƙananan ɗigo a jere. Ta ce ranar da ta gan shi sauke kayanta ta yi ta zauna tana kallo, har shugabar aiki ta yi mata faɗa. Ba ta barin kowa ya taɓa shi. Jikoki in sun matsa, a tafin hannunta suke gani.

Ni kuwa, da idon sabon gwani, ƙuraje na gani. Dutse mai kyan ƙira haka a bar shi da zanzana a fuska? Da ta tafi suna garin Tabotaki za ta yi mako guda, na buɗe kwallar (eh, na sani) da niyyar in ba ta mamaki. Dutsen ba shi da tauri, magagari yana cinsa kamar sabulu. Kunnen fure na farko ya tafi kafin azahar. Kwana uku ya zama sumul kamar ƙwan zabuwa, sai ɗigo shida ko bakwai da suka yi taurin kai a gefe.

Ranar kasuwa matata za ta dawo, don haka na je rumfar mai shayi kusa da tasha na zauna jiranta. Tsofaffin da muke hira da su sun cika benci, ga kuma Mushe Alhasan (Mushe muke ce wa malamin boko), ɗan ƙanwar matata, mai koyar da ilimin halittu a koleji. Na kasa haƙuri. Na zaro dutsen na ce, "Mushe, ku masu karatu, duba aikin wanda bai ƙare lakkwal ba."

Ya karɓa yana murmushi. Da ya kai kan ɗigon nan sai murmushin ya tsaya. Ya zaro wayar salula ya nuna mini hoto, ga fure mai kunne biyar sak.

"Baba, haka shike kahin ka taɓa shi?"

"Haka fa," na ce, "da ƙurajen duka. Na sha wuya kahin su hita."

Sai ya zauna sosai. Ya ce wannan da farko ba dutse ba ne, abu ne mai rai, a teku yake zaune, jikinsa duk ƙaya kamar bushiya, ɗigon nan kuma ƙofofin da yake shan numfashi ne. Ya ce akwai zamanin da ruwan teku ya rufe ƙasar nan duka, Buza da Keita da tuddan da muke gani, miliyoyin shekaru kafin a yi mutum. Halittar ta mutu, laka ta binne ta, lakar ta zama dutse, teku ta tafi abinta.

Har mai shayi sai da ya bar juye-juyen kofi. Na ɗaga kai na dubi tudun bayan kasuwa, tsirara, awaki na hawa, na ƙiyasta ruwa a samansa, kifi yana wucewa ta inda hasumiyar masallaci take. Mu da muke haƙa rijiya mu yi ta nutsawa ƙasa kafin mu ga danshi, ashe a gindin teku muke shuka gero. Wani tsoho ya cire hula ya ce subhanallahi, ya karɓi dutsen da hannu biyu. Na rantse a wannan lokacin har na manta abin da na aikata.

Mushe ne ya tuna mini. "Inna ta gidanka na da irinsa, cikakke, ban taɓa ganin mai kyau kamarsa ba. Ta yi min alkawali ta kawo shi aji da kanta in gwada ma ɗalibai. Kai ma da ka bar wanga yadda..." Bai ƙarasa ba. Ya dube ni, na dubi takalmina. Ya ce, "Baba. A'a."

Daidai nan motar Tabotaki ta tsaya. Da dutsen yana hannuna da na haɗiye shi, amma yana can yana yawo a hannun tsofaffi. Uwar Sa'a ta iso da ƙunshinta a ka, wani mai neman lada ya miƙa mata ya ce, "Ga aikin maigidanki, ashe kihin teku na!" Ta auna shi a tafin hannu. Nauyinsa kawai ya gaya mata. Na ga babban yatsanta yana shafa bayansa, yana neman furen, ya je ya dawo, ya je ya dawo.

Yau in na tsinci dutse sai ya kwana uku a gabana ina kallonsa kafin magagari ya matso, kuma ina tambayar ko yana da mai shi. Amma a ranar hankalin bai iso ba tukuna, don baki na buɗe a gaban jama'a na ce ta kwantar da rai, ban san mene ne ba, niyyata gyara ce.

Ta ɗaure dutsen a bakin zane, ta dube ni sama da ƙasa.

"Teku ta aje shi, tudu ya tsare shi tun kahin Annabi Adamu, ni na karɓa na ɓoye. Abu guda muka manta, ni da teku: ba mu san za ka rasa aikin yi ba."