Barandar Issoufou Kanada

Babbar barazanar da ke fuskantar birnin Yamai a wannan ƙarni ita ce sanyi. Issoufou ne ya faɗi haka, a tsakiyar watan Afrilu, yana fifita da hularsa.

In ba ka san Issoufou ba, ɗan'uwa, ba ka yi asarar komai ba. Ƙaramin ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, na gine-gine. Wata shekara aka ba maigidansa gurbin istaj, wato horon aiki, a Kanada, maigidan ya kwanta ciwo, aka tura Issoufou don kada tikiti ya lalace. Bai cika wata ba ya dawo da jibgegiyar rigar sanyi da ilimi guda ɗaya tak: a dogon gini, zafin ɗaki ta baranda yake gudu. Tun daga nan unguwa ta sa masa Issoufou Kanada. Shi kuwa Injiniya yake kiran kansa.

Yana haya a hawa na biyar na wani bene a Koira Kano. Mai benen, Alhaji Abdou, ɗan kasuwar Kalley ne, yana neman wanda zai riƙe masa ginin ya zauna kyauta. Wannan kujera Issoufou ya ƙwallafa wa rai.

"Alhaji, benenka yoyo yake."

"Yoyo? Ko ɗigon ruwa ba a yi ba bana."

"Yoyon zafi! Kowace baranda gada ce, zafi na bi ta kanta yana tsallakewa waje. Turawa sun daɗe da gano wannan."

"To ya tsallake mana, Allah raka taki gona. Wa ya riƙe shi?"

"Haba Alhaji! Dukiya ce ke zuba. Bari in gyara tawa ka gani da idonka. In ta burge ka, ka ba ni ginin."

Alhaji mutum ne mai son duk abin da aka ce na Turawa ne. Ya ce ya ji.

Barandar nan kuwa ita ce numfashin Hasiya, matar Issoufou. Nan take shanya, nan randarta ke shan iska, nan suke gudu in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Issoufou ya kwashe komai ya tura kicin. Ya rufe barandar da gilashi riɓi biyu, ya shimfiɗa soso a ƙasa, ya liƙe kowace kafa da roba, har ƙofar gilashin da ke shiga salo, wato falo.

"Malam, randata fa?"

"Randa! Ana maganar kimiyya kina maganar randa."

Daga ƙarshe ya tsaya yana hararar mariƙin ƙofar na wajen baranda. Ƙarfe ne, ƙarfe kuwa gadar zafi ne. Ya kwance shi ya jefa a kwandon shara.

Ranar gwaji, bayan azahar, ya ja Hasiya gefe.

"In mun shiga, ki tura ƙofar ta rufu ruf. Kada ki kuskura ki buɗe, ko kin ga ina ɗaga hannu. Buɗewa ɗaya, aikin wata ya tashi a banza."

"Ko kana ɗaga hannu?"

"Ko roƙonki nake!"

Hasiya ta ce to. A duk zaman aurensu bai taɓa samun "to" mai saurin wannan ba.

Alhaji ya hau bene yana haki cikin babbar riga mai sitaci. Suka shiga, ƙofa ta ce ƙyas. Issoufou ya zuba masa shayi, ya shiga bayani, yana nuna kusurwa-kusurwa kamar mai zagaya da baƙo a gidan tarihi.

"Taɓa kofin nan, Alhaji. Ya huce?"

"Bai huce ba."

"Ka gani! Ba zai huce ba har abada."

Sitacin rigar Alhaji ya fara sallama. Hula ta sauko. Ya ce, "Injiniya, na gamsu. Buɗe mu fita."

Issoufou ya kai hannu inda mariƙi yake a da. Ya shafa wurin. Sumul.

"Ina abin buɗewa?"

"Ai... gada ce, Alhaji."

"Gadar ubanwa?"

Alhaji ya zaro salula zai kira direbansa. Salular ta rubuta cewa ta yi zafi, ta mutu abinta. Ta Issoufou na salo tana caji. Suka koma dukan gilashi suna kururuwa, amma gilashin Kanada ba ya fitar da zafi balle murya. Mutanen da ke zaune gindin bishiya a ƙasa suka hangi Alhaji yana ɗaga hannu biyu, suka miƙe cikin ladabi suka ɗaga masa nasu.

"Fofo, Alhaji! Allah ya ƙara girma!"

Suka juya wajen ƙofar salo. Ga Hasiya zaune gaban fanka, tana tsinken zogale. Issoufou ya ɗaga hannu. Ta gyaɗa kai. Ya haɗa tafuka yana roƙo. Ta ɗaga masa babban yatsa, alamar ta riƙe umarni.

Babbar riga ta faɗi. 'Yar ciki ta bi ta. Ƙasa kuwa taro ya ƙaru, don ba kullum ake ganin tumbin attajiri a cikin gilashi ba. Issoufou ya ce, "Kala suru, yi haƙuri, Alhaji. Amma ka lura, zafin ko kaɗan bai fita ba."

Alhaji ya kai hannu ga mazagin wando. Nan ne Hasiya ta ga biyayyar aure ma tana da iyaka, ta tashi ta buɗe.

Alhaji ya shanye rabin randar da ke kicin kafin ya iya magana. Da ya yi, gajeriya ce: "Ƙarshen wata ka bar mini gidana."

Kujerar riƙon bene ta tafi ga wani. Barandar dai ba a taɓa ta ba, domin Alhaji ɗan kasuwa ne. Ya ba wani Sani, mai kilishi daga Tahoua, hayar gidan. Naman da ake shanyawa a barandar da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙarau, babu ƙuda ko ɗaya.

Ana sayar da shi a bakin Babbar Kasuwa. Sunansa Kilishi Injiniya.