Ranar da na raɗa wa shafin Ummi suna

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tara matan Zongo a ƙofar gidana don su ga darajata, suka tashi da hoton bakina a hangame. Jikata Ummi ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ni ko sunana aka rubuta mini a bango, sai dai in ce zanen ya yi kyau. (Na ce mata kada ta gyara mini magana. In kun ji wani wuri ya yi sanyi, hannunta ne.)

Ni mai turaren wuta ce da humra. Tun kafin a haifi uban Ummi nake haɗi, har matan ƙabilar Mina na kasuwar Asigame sun san ƙamshina kafin su san fuskata. Kuma ni mutum ce mai son suna. Duk haɗin da na yi sai na raɗa masa: akwai Sanyin Zuciya, akwai Dawo Gida, akwai wanda ba zan faɗa ba tunda yarinya ce ke rubutu. Ko ragon layya ba ya kwana gidana ba suna.

Ummi takwarata ce, shi ya sa ubanta ba ya iya kiran sunanta na yanka. Ta karanta kwamfuta, tana koyon aiki a wani ofis a unguwar Nyékonakpoè, kuma burinta ta riƙa gina wa 'yan kasuwa shafi a intanet, ta tsaya da ƙafarta. To amma wa zai ba yarinya aiki bai ga na hannunta ba? Sai ta ce za ta fara da turarena. Ƙawata Hajiya Larai mai atamfa, wadda duk inda ta sa ƙafa nan matan layinmu ke sawa, ta ce mata, "In na kakarki ya yi kyau, ki yi mini nawa. Sauran ma za su biyo." Kun ga ke nan abincin yarinyar gaba ɗaya yana rataye a shafin nan.

Ta yi makonni tana aiki. Akwai wata manhaja a kwamfutarta da ake jera shafi a ciki kamar yadda nake jera kwalabe a kanta, wannan nan, wancan can. In an gama sai a fitar da shi, ya zama fayil-fayil a jaka ɗaya, a kai a ɗora a wurin da aka kama haya a intanet. Ranar da ta fitar, na zauna kusa da ita na ce ta karanto mini sunayensu, in ji yadda ta kira 'ya'yana.

Ta ce, "Wannan turare, wannan humra, wannan hotuna, wannan kwatancen shago, wannan kuma index."

Na ce, "Wa?"

"Index, Kaka. Shi ne shafin farko, mai hotonki."

"Ɗan gidan wa ne shi? Hotona a ciki, sunan wani a kai?"

Ta yi dariya ta ce ba sunan mutum ba ne. Wai ai ita manhajar ma da wani suna daban ta fito da shi, ita ce ta mayar da shi haka da gangan. Ta ce in ɗauka gida ne: baƙon da ya zo bai ambaci ɗakin kowa ba, zaure ake kai shi, kuma mai tsaron gidan can na intanet bai san zaure da wani suna ba sai wannan. In an canja, zai rasa inda zai kai baƙo.

Na ce, "To a koya masa. Ni na koya wa matan Mina cewa humra."

"Kaka, s'il te plaît, don Allah, ki bar mini wannan ɗaya."

Na yi shiru. Ita ta ɗauka na yarda. (Wanda ya san ni ya san shiruna ba yarda ba ne, jiran hanya ne.)

Ni ce kuma na ce ba za a buɗe shafi haka kawai kamar an buɗe taga ba. Abin da aka haifa ana yi masa taro. Na sa aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, na sayi goro, na sa aka dafa shinkafa da wake, aka aro babban talabijin aka ɗora a tebur. Na aika har unguwannin Agbalépédo da Djidjolé, duk wadda ta taɓa sayen ko da tsinken turare a hannuna na ce ta zo bayan la'asar.

Allah da ikonsa, ana gobe taro aka ɗauke wuta, Ummi ba ta samu ɗora aikin ba. Da safe kuma dole ta tafi ofis. Sai ta bar wa baffanta Sani, autana, mai gyaran waya, ta nuna masa yadda zai yi. Ina ji tana ce masa, "Tonton, ka kwashe su yadda suke ka ɗora. Kada ka taɓa komai."

Tana hawa zemijan, wato babur ɗin haya, na jawo kujera.

Na ce, "Sani, nemo mini Index ɗin nan."

"Ga shi, Mma."

"Goge shi. Rubuta Hajiya Mai Turare."

Ya dube ni, ya dubi kwamfuta. "Mma, Ummi ta ce..."

"Ummi ce ta haife ka?"

Sani yana da furfura a gemu da 'ya'ya a makaranta, amma har yau in na jefa masa wannan tambaya sai ya miƙa wuya. Ya goge, ya rubuta, ya ɗora. Har addu'a na tofa wa kwamfutar. Na tashi ina jin na cece yarinyar daga abin kunya, don wace irin tarba ce mutum ya zo gidanka ya tarar da sunan baƙo a ƙofa?

Abin da ban sani ba, kuma ita ma ta manta, shi ne tun farkon aikin ta ɗora wani shafin gwaji a can, mai sunan Index ɗin nan, don ta ga ko wurin yana aiki. Da an bar sabon da sunansa, da ya hau kan tsohon ya shafe shi. Da na canja masa suna, sai ya koma gefe ya zauna kamar baƙo, tsohon ya ci gaba da zama a zaure. Kuma kun san wasan jika da kaka. Da ta rasa hoton gwaji, sai ta sa wanda ta ɗauke ni a shago bayan na ci tuwon rana.

La'asar ta yi, rumfa ta cika. Na sa leshina mai ruwan zuma, na yi ɗaurin da sai an kauce mini a ƙofa. Na tashi na yi jawabi. Na ce daga yau mutumin Accra da na Kano da na Faransa duk za su ga fuskata kafin su ga kayana. Na ce wasu sai dai a gan su a kasuwa, mu kuwa duniya ce za ta gan mu. (Ina faɗa ina kallon Hajiya Larai. Allah ya yafe mini.)

Ummi ta iso da gudu daga ofis, ko ruwa ba ta sha ba, ta haɗa kwamfuta da talabijin, ta buga adireshin.

Sai ga ni. Na cika talabijin tun daga sama har ƙasa. Na jingina da buhun itacen turare, ɗankwali ya zame ya rufe ido ɗaya, baki a buɗe har haƙorin Makka yana walƙiya, hannuna riƙe da mafici da ya faɗi a ƙirji. A ƙasa kuma da manyan baƙaƙe an rubuta wani abu. Wata 'yar boko a baya, Allah ya saka mata, ta karanta da ƙarfi don kada kowa ya rasa: "Hajiya tana kan aiki."

Da farko wata ta ƙware da goro. Daga nan rumfa ta rushe. Mata na riƙe ciki, wata ta zame daga kujera, wata tana cewa, "Wallahi har minsharin nake ji!" Ni kuwa ina tsaye a leshi, ina neman ƙasa ta tsage ta ƙi.

Ummi ta duba jakar, ta ga sunan da aka canja, ta dubi Sani. Sani ya sunkuya yana gyara takalmin da ba shi da igiya. Ta gane. Sai ta juya ta ce wa mutane, "Ku yi haƙuri, kuskurena ne. Ban duba da kyau ba."

A nan na ji Hajiya Larai ta karkata ta ce wa ta kusa da ita, ba da mugunta ba, "Yarinyar kirki, amma hannunta bai nuna ba tukuna. Bari mu ɗan jira."

Jama'a, da na zauna na yi shiru da an tashi a haka. Ni an yi mini dariyar barci, wanda kowa ke yi, ita kuma ta rasa aikin da ta ɗora rai a kai. Na tsaya ina auna su biyun, kuma kada in yi muku ƙarya, na ɗan jima ina aunawa.

Na buga tebur. Na ce, "Larai, ba ita ba ce. Ni ce. Ta ce kada a taɓa, na taɓa. Ta yi mini bayani, na ji, na ga kamar na fi ta sani. Ni na sa aka cire sunan aka sa nawa."

Larai ta ce, "Ke da ba ki san alif ba?"

"Ba ni da alif, amma ina da Sani."

Dariyar da aka yi wannan karon ta fi ta farko, har Sani sai da ya ɗago. Na ce wa Ummi, "Takwara, mayar masa da sunan ubansa." A gaban kowa ta mayar, ta sake ɗorawa, kafin a gama raba goro sai ga shafin gaske: ni a zaune kamar matar gwamna, kwalabena a jere, Dawo Gida a sahun gaba. Mata suka matso suna nuna kaya da yatsa. Larai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ummi, jibi ki zo shagona. Nawa a bar shi da Index ɗinsa. Kuma ki zo da safe, ban yarda ki shigo mini da waya bayan azahar ba."

Yanzu Ummi aiki har ya yi mata yawa. Ni kuma na koyi cewa ba duk abin da aka haifa a gidana ne nake da ikon raɗa masa suna ba, kuma idan mai aiki ta ce kada a taɓa, ko da ni na yi mata wankan jego, hannuna ya zauna a cinyata. Na so shafi ya ɗauki sunana, sai ni na ɗauki nasa. Ku shigo Zongo ku tambayi gidan Hajiya Mai Turare, za a ce wacce daga ciki. Ku ce Hajiya Index, har ƙofa za a rako ku.