Darasin Tari

Na zauna a Jidda da Jakarta, ina jin harsuna huɗu, don haka da manoman shinkafar Tudun Wada suka nemi darasin ingancin aiki ta saƙon murya, na raina abin. Rabin awa na yi ina jaddada cewa kada kaya su fita sai an duba. Na aika ban saurara ba.

Ashe yatsana ya zame tun farko, tarina kaɗai ya tafi.

Hajiya Talatu mai turara shinkafa, wadda tsakuwa ba ta wuce idonta, ta kira ni: "Baba Alhaji, sau uku muka duba kayanka. Tari ne zalla."

Har yau in na yi tari a taro, sai su amsa: "Allah ya ƙara ilimi!"