Ajiyar Anaruwa

A ƙauyenmu, Rafin Ɗinya, in mutum ya lallaɓa abu saboda gobensa, sai a ce ya yi ajiyar Anaruwa. Kakata ce ta gaya mini asalin maganar.

Anaruwa manomi ne mai ƙarancin wayo. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Daga shi sai matarsa Kuluwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Tari ya kama ta tana ɓoyewa, damuwarta ɗaya: wa zai kula da shi in ta tafi?

Wata rana ta ce, "Malam, ka riƙa tuna tsohon da za ka zama. Ka ajiye masa rabonsa." Sai ya raba tuwonsa biyu, ya kai rabi zaure. Kwana uku awaki na cinyewa.

"Tsohon nan akwai ci," in ji shi.

Wata rana ta ce, "Ba tuwo ba, Malam. Abin da zai taimake shi ran da ido ya tafi." Ya ɗaura igiya daga ƙofar gida har masallaci, ya rufe ido yana gwadawa. Igiyar ta harɗe jakin mai tukwane, ko ɗaya ba ta tsira ba.

Wata rana, gero ya nuna, tari ya tsananta. Ta jingina da turmi ta ce, "Abin da tsohon nan zai fi so, shi za ka adana. Sauran duk ka bar su." Hatsi take nufi.

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya karɓe taɓaryar hannunta, ya ɗora Kuluwa a jaki, ya bar wa tsuntsaye gonar. A asibitin birni ya ce, "Ajiyar wani tsoho ce. Zai zo nema, ku gyara masa."

Likita ya ce da an ƙara wata guda, da an makara.

Shekarar nan rumbunsu wayam, gari kuma ya sha dariya. Amma Kakata ta riske su da furfura. Idonsa ya tafi, igiya ta daɗe da ruɓewa, Kuluwa ce ke riƙe masa sanda zuwa masallaci. Yakan laluba hannunta ya ce, "Kai, yaron nan ya iya ajiya."