Ranar da Mai Girma Ya Ce Muna Tare

Jiya Talata an sa mini ankwa. Kafin maƙiya su riga ni kai labari majalisa, gara ku ji daga bakina. Ban saci komai ba. Ban zagi kowa ba, in ban da zagin da duk muke yi a layin mai, wanda shi kam ya zama gaisuwa. Da kaina na miƙa hannu.

Waɗanda suka san rumfata a bakin kasuwa sun san shekara arba'in ke nan ina gyaran kwaɗo da yanka makulli. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma duk abin da yake buɗewa ya rufe sai na leƙa cikinsa hankalina ke kwanciya. Ina da gwangwani cike da makullan da ƙofofinsu suka daɗe da ruɓewa. Wani lokaci nakan zuba su a tabarma ina tunanin ɗakunan da suka taɓa buɗewa. Mai ɗakina ta ce a duk duniya ni kaɗai ke riƙon marayun ƙarfe.

To, ita mai ɗakin nawa shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata gani. Ranar Litinin aka yi mata aiki, likita ya ce Talata ƙarfe goma sha biyu za a kwance bandeji. Da zan baro ta a gadon asibiti tare da autarmu, ta lalubo hannun rigata ta ce:

"Malam, gobe ka tsaya a gabana daidai. Ba na so in buɗe ido in fara da silin."

Na yi mata alkawari. Ni kuwa ba Mai Girma ba ne, alkawarina ba shi da kashi na biyu.

Da safe na rage gemu, na sa farar rigata, ƙarfe tara ina bakin titi. Babu mota. Maƙwabcin rumfata, Mai Faci, ya ce in daina wahalar da wuyana, duk motocin haya suna layin mai kwana uku ke nan, har wani direba an fara kai masa wasiƙa a can. Asibitin kuwa yana ƙarshen gari, ƙafar tsoho ba ta kai shi kafin la'asar.

Ina tsaye sai lasifika ta tashi daga ofishin masu gadin kasuwa. Mai Faci ya ce bikin ƙaddamar da sabuwar ankwa ake yi, wai irin wadda 'yan sandan manyan ƙasashe ke riƙewa, wai ba ta da sarƙa. Na ce ankwa ba sarƙa, to me ya haɗa hannu da hannu? Ya ce shi faci ya sani. Na ce wa zuciyata minti biyar kawai, ina iya hango titi daga can.

An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaura jan ƙyalle a bakin tebur. Babban baƙo shi ne Mai Girma Mai Almakashi. Kun san shi ai, ko da ba wannan ba kun san irinsa. Shi ne bawan Allahn da ya buɗe mana famfo guda har sau uku, kuma saboda tsabar tattali har yau famfon bai ɓarnatar da ɗigon ruwa ko ɗaya ba. Masu gadi goma sha biyu sun yi sahu. Tocila ɗaya gare su, ba batir, kuma takalmin na ƙarshensu da waya aka ɗinke shi. Amma ankwa ta zo cikin akwati mai laushin ciki kamar na agogon amarya.

Sai dai gaskiya abin ya yi kyau. A tsakiya, inda muka saba ganin sarƙa, gaɓa ce irin ta ƙyauren ƙofa, abin da kafintoci ke kira hinji. Tana naɗewa kamar littafi, ta buɗe kamar fiffiken tattabara, amma ba ta murɗawa ko kaɗan. Shugaban masu gadi ya yi bayani cewa mai sarƙa tana barin mutum ya juya hannu, ya sosa baya, har wani ya zaro abu daga aljihu. Mai gaɓa kuwa inda aka ajiye hannu nan yake zama. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya kalli ƙofar ɗakinsa wata rana ya ce wannan za ta yi kyau a wuyan hannun ɓarawo. Na so a ce mun yi hira da shi.

Mai Girma ya tashi jawabi. Ya ce muna tare da ku. Ya ce a rana muna tare, a ruwa muna tare. Mai Faci ya ƙirga, sau goma sha ɗaya ya faɗa. Da ya gama, mai hoto ya ba da shawarar a ɗauki wani hoto da zai nuna wannan taren. Aka ce a samo dattijo mai kamala daga cikin talakawa. Ba a sha wahalar nema ba, domin hancina ya kusa shiga cikin akwatin.

"Baba, matso," in ji Mai Girma.

Ya sa zobe ɗaya a hannunsa na dama, ya sa ɗaya a nawa na hagu. Haƙoran ƙarfen suka yi wata 'yar ƙara mai daɗi, irin ta sabon kwaɗo. Ya ɗaga hannuwanmu sama ya ce muna tare, karo na goma sha biyu. Aka yi tafi. Mai hoto ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe. Sannan Mai Girma, murmushi na nan a fuskarsa, ya ce a kawo makulli.

Shugaban masu gadi ya kalli sakatare. Sakatare ya kalli ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya kalli rufin rumfa kamar yana neman inda take yoyo. Daga baya ya matso ya yi bayani cikin ladabi: aikin kashi biyu ne. Ankwa ita ce kashi na farko. Makullai suna kashi na biyu, kuma su ma an tsara musu nasu bikin a wata mai zuwa, har an yi odar rumfa.

Nan take aka kafa kwamiti.

Mai Girma ya fizgi hannunsa. Haƙori ɗaya ya ƙara shiga. Ya sake fizga, wani ya shiga. Na ce masa, ranka ya daɗe, a daina ja, irin wannan wanda ya ja shi ke ji a jikinsa. Akwai wani ɗan maɓalli da ake dannawa don ta daina matsewa, amma da wutsiyar makulli ake danna shi, ita ma wutsiyar tana kashi na biyu. Aka aika a kira mai walda. Ɗan aike ya dawo ya ce babu wuta, janareta kuma babu mai, mai waldan ma yana layi da jarkarsa.

Na leƙa agogon Mai Girma, tunda yanzu kusan nawa ne. Sha ɗaya da kwata.

Mai Faci ya raɓo ya raɗa mini cewa, Baba, wannan ba aikinka ba ne? Na taka masa ƙafa. Masu karatu, a nan zan faɗi laifina. Akwai 'yar siririyar waya da ba ta rabuwa da naɗin hulata. Amma na kalli titi, babu ko keke. Na kalli bayan rumfa, motoci shida a jere, kowace tankinta a cike har wuya. Sai na bar hulata a inda take.

Na gaya wa Mai Girma cewa ƙarfe sha biyu za a buɗe wa matata ido, kuma na yi alkawarin fuskata za ta fara gani. Ya ce in yi haƙuri, kwamiti na zama. Na ce ni dai na tafi, na miƙe. Da mai sarƙa ce, da ya samu ɗan taƙi guda na yin shawara. Mai gaɓa ba ta ba da wannan. Ina miƙewa ya miƙe, ina juyawa ya juya.

"Baba, ina za ka kai ni?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce muna tare."

Mai hoto na nan, jama'a na kallo. Ya yi murmushin da ya rage masa, ya ce a kawo mota.

Ban taɓa shiga irinta ba. Sanyi kamar cikin randa, kujera tana karɓar mutum kamar ta daɗe tana jiransa. Ramukan titin da na sani ɗaya bayan ɗaya, a cikinta sai ka ji kamar ana jijjiga ka ka yi barci. Nan na gane ba mugunta ce ke hana su gyara titi ba, labari ne bai iso musu ba. Da muka zo gidan mai, ya ga motoci da babura da jarkoki har inda ido ya tsaya, sai ya tambayi direba me ake rabawa a can. Direba ya ce layin mai ne. Ya ce ai an kawo masa rahoto layi ya ƙare tun makon jiya. Na ce gaskiya ne, wancan ya ƙare, wannan ƙanensa ne.

Wayarsa ta yi ta kuka a aljihun dama, hannun hagu bai kai ba, ni kuma na ce ban saba shiga aljihun manya ba, su ne suka saba da namu. Awa guda cur bai sa hannu a kan takarda ko ɗaya ba. Allah kaɗai ya san abin da gari ya tsira da shi.

A asibiti wata nas mai gilashi ta tare mu a baranda. Masu rakiya suka fara jero mata laƙabi, ta ce duk ta ji, mutum biyu kaɗai ke shiga, su biyun ma sai an kira. Ta nuna mana benci. Ƙafarsa uku, ta huɗun bulo ne. A bango saman kanmu akwai allo mai ɗauke da sunan wanda ya ba da kyautar bencin. Mai Girma ya karanta sunansa, ya zauna a hankali.

Saura minti biyu aka kira mu. Autarmu ta gan mu ta toshe baki da mayafi. Na ja Mai Girma muka tsaya daidai gaban gado. Nas ta warware bandeji zagaye bayan zagaye, ta cire audugar. Mai ɗakina ta ƙifta ido, ta sake ƙiftawa, hawaye ya gangaro. Ta daɗe tana kallona. Ta ce gemuna ya yi fari fat kuma ba wanda ya gaya mata. Na shafa gemun da hannuna na dama.

Sannan idonta ya sauka kan hannuna. Ya bi ƙarfen, ya haura babbar riga mai aiki, ya kai kan fuskar baƙon. Ta dawo da kallonta kaina.

"Malam, a cikinku wa ya kama wani?"

Nas ta juya baya kafaɗunta na rawa. Mai Girma da kansa ya yi dariya, ta gaske, ba irin ta hoto ba. Ya shiga yi mata bayanin kashi na farko da kashi na biyu. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba. Ta ce makulli ake jira? Da wannan mutumin a tsaye, wanda ya taɓa buɗe ƙofar gidanmu da bayan cokali? Ta zare fil daga ɗankwalinta ta miƙo mini, kai tsaye cikin tafin hannuna, ba lalube. Shekara uku rabon da in ga ta miƙa abu haka.

"Ungo, saki bawan Allah, yana da iyali."

Kafin nas ta gama naɗe bandeji na buɗe. Mai Girma ya murza wuyan hannunsa, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Baba, ashe tun ɗazu ka iya?"

"Na iya, ranka ya daɗe. Raba mu ne ban so in yi ba."

Ya yi wa mai jiki sannu, ya sa aka ɗauki ankwar, ya fita. Daga tagar mota ya ɗago mana hannu ya ce muna tare, motoci shida suka tashi, biyar babu kowa a kujerun baya. Mu kuwa da aka sallame mu, awa biyu muka yi a bakin titi. Mai ɗakina ba ta damu ba. Tana ta kallon kaji, da fentin shaguna, da layin mai, tana cewa komai ya yi kyau.

Saboda haka masu cewa sayen ankwar nan ɓarna ce, ban goyi bayansu ba. A ƙaro ma. A ƙirga Masu Girman da muke da su, kowa a saya masa tasa, ranar Talata a haɗa shi da talaka guda daga safe zuwa azahar. Kashi na biyu kuma kada a yi masa gaggawa. In an rasa mai buɗewa aka zo rumfata, a sani cewa na tsufa, hannuna ya fara rawa, kuma mai ɗakina ta karɓe fil ɗinta.