Amsa-amon Kukan Barewa

A wani daji da ke bayan dutse, al'ada ce duk mai ƙara ya kawo ta majalisa a waƙe, don manya sun ce magana zube ba ta da ladabi. Da aka cinye wa Barewa ɗa, sai ta haɗiye hawaye ta tsara baiti guda. Ta zo gindin kuka, ta durƙusa gaban Malam Dila, shugaban majalisa. Kura na zaune a damansa tana sakace haƙori.

Barewa ta rera:

"Na haifi ɗa, na goya shi a gona,
Bai kai ga yaye ba na rasa ɗana,
Na bi jini, na kasa yin kwana,
Wadda ta ɗauke min shi ita ce Kura."

Wuri ya yi tsit. Barewa ta ɗauka maganarta ce ta shiga.

Mujiya, masaniyar karin waƙa, ta gyara zama ta ce, "Allah gafarta Malam, na auna gaɓoɓin. Ɗango na biyu yana ɗingishi kaɗan, amma mai makoki a yi mata uzuri."

Hawainiya, mai kula da yanayin waƙa, ta dubi Barewa ta yi duhu, ta dubi Kura ta yi haske. Ta ce, "Akwai baƙin ciki a ciki, sai dai bai kai na zargi ba."

Malam Dila ya yi gyaran murya. "Baiwar Allah, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gona, ɗana, kwana, duk amsa-amonsu ɗaya. Ɗango na huɗu ne ya karye. Majalisa ba ta karɓar karyayyen baiti."

Barewa ta ce, "Malam, da idona na ga sawunta."

"Ba mu musa miki ba. Amma sawu daban, ƙa'ida daban. Sa kalmar rana a gurbin Kura. Nauyinsu ɗaya, gaɓa biyu dogaye."

Mujiya ta auna, ta ce haka ne. Kura ma ta yaba da gyaran.

Barewa ta duba ko'ina, ba wanda ya haɗa ido da ita. Ta maimaita baitin yadda aka gyara, aka yi mata tafi.

Majalisa ta sami rana da laifi. Don kare 'ya'yan barewa, aka hana su kiwo sai bayan magariba.