Muryar Kaka da Difrag ɗin Kwana Uku

Ba zan taɓa mantawa da sadakar cika shekara da rasuwar kakanmu a Bawku ba, ko da yake gara in faɗa tun yanzu cewa wasu abubuwan sun fara cakuɗe mini. Ban tabbata Asabar ce ko Lahadi ba, kuma mutanen da nake gani kamar ɗari a tsakar gidan, ƙanwata ta rantse ba su wuce arba'in ba. Amma abin da na aikata, shi kam ina tune da shi tsaf.

Lokacin na gama jami'a a Tamale, ina gida ina jiran a tura ni bautar ƙasa. Ilimin ƙasar noma na karanta. A zongonmu kuwa ba ruwan kowa da abin da ka karanta. In dai ka sa rigar digiri an ɗauke ka hoto, to ka iya gyaran rediyo, ka iya karanta takardar asibiti, ka iya kwamfuta. Har suna aka sa mini, Mai Digiri.

Saura kwana huɗu sadaka, Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata mai sayar da hatsi, ya kira ni falonsa ya nuna mini tsohuwar kwamfutar gidan. A cikinta akwai muryar kakanmu, Alhaji Garba Salaga, wadda matar Kawu, Anti Rabi, ta ɗauka da waya kafin rasuwarsa. Yana lissafa iyaye da kakanni, da yadda aka taso daga Salaga da fataucin goro, aka zauna Yendi, aka sauka Bawku. Wayar ta daɗe da ɓacewa, na kwamfutar kaɗai ya rage. Dangi za su zo daga Salaga da Yendi su saurara, ita kuwa kwamfutar sai ka gama shan koko ba ta gama buɗewa ba. Kawu ya ce in sa ta yi sauri kada ta ba shi kunya, kuma kada kowa ya saurari muryar sai manya sun hallara.

Na ce mai yiwuwa zan iya (ni ban cika cewa e kai tsaye ba). Na bincika a waya, na gano abin da ake kira difrag: tattara gutsattsarin fayiloli da suka warwatsu a faifan ajiyar kwamfuta, kamar ka shirya buhunan gero gefe ɗaya, na masara gefe ɗaya, don kada mai shago ya yi ta kai da kawo. Na ma yi wa Kawu wannan misalin, ya gyaɗa kai cike da alfahari.

Na danna. Allon ya cika da jajayen layuka, sannan saƙo ya fito cewa babu isasshen fili, ba za a iya ci gaba ba. Na sake dannawa sau uku, ko za ta canza ra'ayi. Ba ta canza ba.

To a nan ne taka-tsantsan ɗina ya tashi. Na ce kafin in share komai sai na killace muryar Kaka. Na rubuta sunansa a wurin bincike, sai ga jaka guda mai suna Garba Salaga, cike da fayilolin sauti. Na kwafe ta a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na sake kwafe ta a wani filas ɗin, na sa ɗaya a aljihu, ɗaya a cikin akwatin mahaifiyata. Na ji kamar in yaba wa kaina. Sannan na shiga sharewa: tsofaffin wasanni, finafinai, da wasu manyan fayiloli biyu marasa suna, lambobi kawai, waɗanda na ɗauka tarkacen waya ne. Na zazzage kwandon sharar kwamfutar ma, tunda fili nake nema. Na so in tambayi Anti Rabi, amma na ga ba girman Mai Digiri ba ne ya tambayi mai tuƙa tuwo a kan kwamfuta.

Kashegari wani saƙon ya fito, wai faifan na da matsala, sai an duba shi tukuna. Na duba, ya ci rabin yini. Na sake sa difrag, ya kai kashi sittin da wani abu, aka ɗauke wuta. Na fara daga farko. Na hana kowa zuwa kusa da teburin, na hana jona dutsen guga a falon, na aro janareta wajen maƙwabcinmu mai niƙa. Mahaifiyata ta ce in bar ta haka mana, ai tana buɗewa. Na ce ban fara don in bari ba. Rana ta uku da hantsi jajayen layukan duk suka koma shuɗi. Na ɗauki hotonsu, yana nan a wayata har yau.

Ranar sadaka, bayan la'asar, malamai suka shafa addu'a, aka fito da kwamfutar tsakar gida aka jona ta da sifikar aro. Ta buɗe nan take, Kawu ya dube ni ya yi murmushi. Tsofaffin mata sun fara share hawaye tun ba a kunna ba. Na yi bisimilla na danna fayil na farko.

Kiɗa ne ya tashi, mai girgiza ƙirji, sai wata murya tana roƙon wata Zuwaira ta ɗaga waya.

Na danna na biyu. Zuwaira ce dai. Na uku ma ita ce, da ƙarin tafi. Mai hankali da ya tsaya a nan, ni kuwa sai da na buɗe goma sha ɗaya, gumi na ɗiga a kan madannai. Baba Issaka, ƙanen Kaka da ya zo daga Salaga, ya karkato da kunnensa ya ce, “Marigayi ya taɓa waƙa ne ban sani ba?”

Daga bayan taro Baballe ya miƙe, babban ɗan Kawu da ke aiki a Kumasi, wanda aka sa wa sunan Kaka. Ya ce, “Chale, ɗan'uwa, waƙoƙina ne fa. Ba a ma gama haɗa su ba.”

Kawu ya kira matarsa ta zo ta nuna mini inda ta ajiye muryar Kaka. Anti Rabi ta durƙusa gefen teburin, ta yi magana ƙasa-ƙasa. “Nasa ba shi da suna, Mai Digiri. Guda biyu ne, lambobi kawai, yadda wayar ta sa. Ni ce zan rubuta sunan surukina da hannuna?”

Na san wannan tun ina yaro. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ɗanta ma Baballe take ce masa. Kawai ban taɓa tunanin kunya na bin mutum har cikin kwamfuta ba. Na miƙe na faɗi abin da na yi, da murya irin ta mai karanta takardar kora. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Anti Rabi ce ta ceci taron. Shekara talatin tana kai wa tsohon abinci tana jin labarin, sai ta zauna ta jero shi, duk inda ta zo kan sunan da ba ta faɗa ta yi shiru, Baba Issaka ya cike.

Da safe na ɗora kwamfutar a babur zuwa wajen wani mai gyara a kasuwa, ina da sauran fata. Ya bincika ya girgiza kai. “Massa, maigida, da sharewa kawai ka yi ka tsaya, da na dawo maka da su. Amma wa ya yi wannan difrag ɗin? Ya yi shi da kyau fa, ya bi ta kansu duka.” Na ce wani ne.

Abin da na koya shi ne, kafin ka nace sai ka gama aiki, ka tambayi wadda ta ajiye kayan, ko da ludayi ne a hannunta. Yanzu ina rubuta labarin Kaka a littafi daga bakin Anti Rabi, amma akwai suna biyu tsakanin Salaga da Yendi da ita da Baba Issaka suka saɓa a kansu. Duk wanda ya halarci taron, ko ya taɓa jin tsohon da kunnensa, don Allah ya aiko mini da gyara ta hannun Kawu. A takarda, in da hali.